Tayar da BMW ɗin Kawu a Agege

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Yau muka fito da babur ɗin Kawu. Mu huɗu muka taru a kansa, ni da yarona da 'yan dako biyu, domin tayoyin sun kwanta, birkin gaba kuma ya riƙe ƙam. Shekara 15 ke nan yana jingine a ƙuryar shagon goron Kawu a Zango, an lulluɓe shi da buhunan algarara, kwanduna a jibge a kan kujerarsa. Da muka yaye buhun, kyankyasai suka watse, warin tsohon fetur ya haɗu da ƙamshin ganyen goro ya cika shagon.

BMW ne, R80RT, ƙirar 1983. Kawu ya saye shi a 1992 a hannun wani Bajamushe mai aikin gine-gine da zai koma gida. Sau uku ya je Kano da shi ya dawo. A 2009 gwiwa ta matsa masa, ya ajiye da niyyar wata biyu, wata biyu ya zama yau.

Ni kuwa shekarata 18 ina gyaran babura, amma tun da aka hana acaɓa a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, rabin masu kawo mini aiki sun koma Arewa ko sun kama wata sana'a. Lokaci ya samu. Shi ya sa da Kawu ya ɗago maganar ban yi musu ba.

Ya zauna a bencinsa yana kallon mu muna tura shi cikin a-kori-kura. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, ba don in hau na ce ka gyara ba. Muryarsa nake so in ƙara ji. In ya tashi naka ne, amma ka kai shi gida ko da sau ɗaya."

Na ce, "In Allah ya yarda, Kawu."

Zan riƙa rubuta abin da na yi da ranarsa, don kada in manta inda kowane noti ya fito.

Lahadi, 7 ga Janairu

Ban taɓa sifana ba yau. Wanka na yi masa da kananzir da buroshi, na jawo kujera na zauna ina kallonsa.

Yarona ya ji na ce injin boksa ne, ya ce, "Oga, wannan ai bai yi kama da Boxer ba." Shi Bajaj ya sani, mai silinda ɗaya, siisii 100. Na nuna masa. Nan silinda biyu ne, ɗaya ta leƙo hagu, ɗaya ta leƙo dama, a kwance. Fistin biyun tare suke fita waje, tare suke komawa ciki, kamar ɗan dambe mai kai hannu biyu lokaci guda. Daga nan sunan ya fito. Da yake kowanne yana kashe girgizar ɗan'uwansa, injin ba ya jijjiga mutum a doguwar tafiya. Siisii 797 ne, ƙarfin doki 50. In ka tsaya ta sama ka duba da kyau za ka ga silinda ɗaya ta ɗan riga ɗaya gaba, saboda kowace da mazauninta a jikin karanshaf.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dalilin fito da su waje. Babu lagireto, babu ruwa, babu fanka. Iskar hanya kaɗai ke sanyaya shi, don haka aka miƙa wurin da ya fi zafi cikin iskar, aka yi masa haƙarƙari jere-jere don zafin ya samu inda zai fita. Tun 1923 da injiniya Max Friz ya zana babur ɗinsu na farko, R32, haka tsarin yake: silinda a gicciye, farfela maimakon sarƙa. Wannan na gabana a masana'antarsu ta Spandau da ke Berlin aka haɗa shi, inda suka mayar da ƙera babura tun 1969.

Daga inji zuwa tayar baya layi ɗaya ne kamar na mota. Karanshaf na kwance daga gaba zuwa baya, sai kuloci busasshe mai faranti ɗaya, sai giyabos mai giya 5 da akwatinsa daban da mansa daban, sai farfela a cikin hannun dama na ƙarfen da ke riƙe tayar baya. Ba sarƙar da za ta sha yashi, ba siforket da zai cinye. Wanda ya taɓa tsayawa a Mokwa da rana tsaka yana ɗaure sarƙa zai san darajar wannan.

Asabar, 20 ga Janairu

Na juye mai wuri huɗu: inji, giyabos, gidan farfela, da kan aksul na baya. Baƙin man inji ya yi kauri amma ba garin ƙarfe a ciki, alhamdu lillahi. Na giyabos ne ya tayar mini da hankali. Fari-fari ya fito kamar kunun gyaɗa, alamar ruwa ya shiga. Na bi sawu na samu ƙofar: robar da ke rufe inda wayar sifidomita ta shiga giyabos ta tsage. Kowane wanki, kowane ruwan sama, ta nan yake gangarawa. Robar ba ta kai kan babban yatsa ba. Na zuba sabon man giya, na juya tayar da hannu a kowace giya, na sake juyewa. Ban ji gurnanin boris ba. Sai an hau za a tabbatar.

Na cire fulogi na ɗiga mai a kowace silinda tun makon jiya. Yau na sa giya ta biyar na juya tayar baya, injin ya motsa. Bai kafe ba.

Sai notin salansa, manya biyu masu haƙarƙari da ke ɗaure bututun hayaƙi a kan silinda. Na hagu ya kwance. Na dama ya juya kaɗan ya cije. Yarona ya ɗauko bututu zai ƙara wa sifana tsawo, na riƙe hannunsa. Zaren da notin ke hawa a jikin kan silinda yake, kuma alminiyon ne. In ka yi masa ƙarfi zaren zai biyo notin, ka rasa babba don ceton ƙarami. Da zarto na yanka notin a hankali, na tsaya kafin in kai zare, na sa kurfi na buɗe shi. Awa ɗaya da rabi. Zaren ya fita lafiya.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Kan silinda biyu sun sauka, silindun ma. A nan na ƙara ganin kirkin wannan ƙira. Ina zaune a kan ɗan benci, ban cire tanki don wannan ba, ban sauke inji ba, komai yana daidai gwiwata. Noti 6 ne a kowane gefe. Kamshaf yana ƙarƙashin karanshaf, sandunan tura bawul suna bi ta bututu biyu a ƙasan kowace silinda, kuma robobin bakin bututun ne suka bushe suka riƙa tsiyayar da man da ya yi wa ƙasan injin baƙar laka.

Na ɗauki silindun na kai wa wani dattijo Bayerabe mai injin bori, wato na kankare cikin silinda. A Agege aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Ya sa yatsa ya shafa ciki, ya ɗaga zuwa haske, ya ce, "Malam, shekara 40 kuma ba gaɓa? Me ka kawo in yi masa?"

Na ce, "Baba, awo kawai nake so. Kada a sa masa dutse."

Daga 1981 BMW sun daina sa hannun riga na baƙin ƙarfe a cikin silinda. Alminiyon ne zalla aka shafe cikinsa da wani siririn rufi mai tauri da ake kira Nikasil. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi saurin fitar da zafi, kuma da wuya ya ci. Amma ba a yi masa bori irin wanda muka saba. In ka kankare rufin, ka gama da silindar. Da Kawu ya kai shi wurin wanda bai sani ba a shekarun baya, da yanzu wani labarin ake.

Baba ya auna sama da tsakiya da ƙasa, ya ce ringi kawai zan canza. Ya ƙi karɓar kuɗi. Ya ce in ya tashi in kawo ya gani.

Bawul ɗin hayaƙi na hagu ya ɗan nutse a mazauninsa fiye da na dama, bakinsa ya yi siriri. Na daɗe ina juya shi a hannu. Kuɗin da ke hannuna ba zai kai ga wannan aikin yanzu ba. Na wasa shi na mayar.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Kasuwar kayan gyara ta Ladipo tun safe har la'asar. Kayan motar BMW kamar ƙasa, na babur irin wannan kuwa ko mai kama. Wani ya rantse mini cewa robar dayafuram da ya miƙo ta kafireto ɗin Bing ce. Da na dawo na gwada, ta fi ta asali kauri, ba za ta bar fistin kafireto ya tashi yadda ya kamata ba. Kuɗin sun tafi.

Na rubuta abin da dole sai daga Jamus: ringi, gaskit, robobin bututu, dayafuram biyu, oyilsil na bayan karanshaf, filtar mai da robobinta, notin salansa, kusoshin farfela 4. Ƙanen wani abokina yana karatu a can, zai zo hutun ƙaramar Sallah, ya yarda ya sako su a jakarsa. Dala ta haura naira 1,500. Na sayar da wani tsohon Jincheng da na daɗe ina ajiya na cika.

Taya kam an samu, 3.25-19 a gaba, 4.00-18 a baya, da tib ɗinsu.

Asabar, 2 ga Maris

Na yi ɓarna yau, kuma hannuna ne ya yi.

Na sa batirin aro don in gwada fitilu da sitata. Komai ya kawo. Daga nan na wuce in buɗe murfin gaban inji in duba altaneta, ban cire wayar batir ba. Murfin ya goga allon dayod da ke bayansa, wuta ta yi tartsatsi, wani siririn hayaƙi ya fito. Na san wannan dokar, na karanta ta, gaggawa ce ta sa na tsallake. Na gwada da mita, dayod biyu sun tafi.

Na kira yaron can Jamus na ƙara masa allon a cikin saƙo. Na kuma samo fenti ja na rubuta a jikin bangon gareji, daidai inda babur ɗin ke tsaye: a cire batir kafin a taɓa murfin gaba.

Tunda na riga na buɗe, na auna rotar altaneta, lafiyarta ƙalau. Ita a kan hancin karanshaf take zaune kai tsaye, ba bel. Wat 280 take bayarwa, na Bosch. Wani abin lura: ƙaramar jar fitilar caji da ke gaban direba tana cikin aikin. Ta cikinta wutar farko ke bi ta tayar da rota. In ƙwan ya mutu, caji na iya ƙin farawa, mutum ya yi ta zargin batir.

Asabar, 23 ga Maris

Azumi ya yi nisa, zafin Legas kuma ba ya ɗaga ƙafa. Na mayar da aikin bayan tarawihi.

Dare uku na yi kafin giyabos ya fito. Sai an cire akwatin iska da gidan batir, an kwance kusoshin farfela, an ja ƙarfen tayar baya. Wannan ne wuri guda da ƙirar ke wahalar da bakanike, kuma dole a riƙa shigarsa, domin haƙoran sandar giyabos da ke shiga cikin farantin kuloci suna son ɗan giris lokaci-lokaci. Da yake kulocin busasshe ne, ba man da ke kai musu. Na same su da jan gari na tsatsa, amma haƙoran ba su yi kaifi ba. Da an ci gaba da hawa a haka, wata rana za su share, inji na kuka babur na tsaye.

Kafin in kwance abin da kulocin ke ɗaure a kai, na yanko guntun katako na sa tsakanin hancin rota da murfin gaba, na ɗaure murfin a hankali ya danne shi. Yarona ya tambayi amfanin katako a cikin inji. Na ce masa in karanshaf ya zame gaba ko da kaɗan ne, akwai wani wasa, wato zoben ƙarfe, a ciki da zai faɗo daga kan turakunsa, kuma mayar da shi sai an farke injin gaba ɗaya. Ya yi shiru, ya ƙara riƙe tocila da kyau.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Laraba, kaya sun iso ranar Alhamis a cikin ledar da ba ta kai ta burodi ba. Wata biyu na jira wannan leda.

Jiya da yau haɗawa nake. Oyilsil ya zauna, kuloci ya koma, giyabos ya koma da sababbin kusoshi. Wajen mayar da silinda na hana yarona matsa gam yadda muka saba yi wa ƙananan babura. Man da ke zuwa wa rokar bawul ta jikin dogayen kusoshi biyu na sama yake bi, ta wasu 'yan ramuka a gindin silinda. Gam ya toshe su, sama ta bushe. Shafawa kaɗan na yi, nesa da ramukan. Na ɗaure kai a gicciye, mataki-mataki, har 35 a sifanar awo da na aro.

Saitin bawul da sanyin inji: milimita 0.10 na shiga, 0.20 na hayaƙi. Akwai ɗan rami a gefen hagu na inji mai murfin roba. Ka leƙa kana juya taya har alamar OT ta bayyana, fistin ya kai ƙarshe ke nan. Minti 20 na gama gefe biyu.

Filtar mai ce ta ci mini lokaci, da gangan kuma. A bakin murfinta akwai wata farar roba zagayayya mai kaurin milimita 4, da siririn wasan ƙarfe a bayanta. Ita ke raba man da famfo ya matso da wanda ke kwance a ƙasa. In ba ta matsu sosai ba, ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a waje ba, man zai riƙa sulalewa ciki yana komawa ƙasa, metal ɗin karanshaf su ƙone. Na auna zurfin gidan sau uku, ya ba ni 3.4, na sa wasan, na bar gaskit ɗin takarda a waje. Da na ɗora murfin na ji robar tana turo shi kafin in ɗaure. Abin da nake nema ke nan.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Tankin lita 24 ne, na wanke shi da tsakuwa da kananzir har ruwan ya fito fes. Kafireto biyu sun sha wanka, jet-jet duk na busa su.

Kafin in sa wuta na cire fulogi, na mayar da su cikin hulunansu na kwantar a jikin inji, na juya da sitata har fitilar mai ta mutu. Wannan ma sai da na ja wa yarona kunne: wutar wannan ba ta fulatinom ba ce, ta lantarki ce tun ƙirar 1981. Ɗabi'armu ta zare hular fulogi a riƙe a iska don ganin tartsatsi tana iya kashe na'urar da ke cikin gwangwanin gaba.

Na buɗe famfon mai biyu, na ja cok, na yi bisimilla. Juyi na farko tari. Na biyu hagu ta kama, dama ta biyo. Hayaƙi ya turnuƙe gareji, masu shayi da mai faci suka taso. Da na ɗan murɗa totur, babur ɗin gaba ɗaya ya karkata dama ya dawo, yarona ya yi tsalle baya. Nauyin karanshaf ne da ke juyawa a kwance.

Wani dattijo mutumin Agadas da ke gadi a layinmu ya matso ya tsuguna yana kallon silindun. Ya ce yana saurayi ya ga irin wannan inji a garinsu, lokacin tseren Paris zuwa Dakar, Turawa sun yi buɗu-buɗu da ƙura. Gaskiyarsa. BMW masu wannan inji sun ci tseren a 1981 da 1983 da Hubert Auriol, sannan 1984 da 1985 da Gaston Rahier.

Minti 4 na kashe. A tsaye ba ya samun iska.

Asabar, 11 ga Mayu

Takardu sun kammala, lamba ta fito, birki ya samu sabon tiyo da mai. Na saita kafireto biyu da siririn tiyo irin na magina, na zuba man giya a ciki na lanƙwasa, kowane baki a kafireto ɗaya. Inda man ya rinjaya, can ke ja fiye. Fankar ɗakina na kafa a gabansa, aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, na tayar da janareto don fanka kawai. Silo ya zauna wajen juyi 1,000 a minti.

Da yamma na ce bari in gwada shi cikin gari. Kuskure ne fita a wannan lokacin. Daga Pen Cinema zuwa Ogba gosulo ya kama ni tsakanin danfo biyu. Minti 25 ina tafiyar kunkuru. Zafi ya riƙa tasowa daga silindun yana dukan ƙaurina, garkuwar gaba kuma ta tare duk wata iska. Ita wannan garkuwa don sanyin Turai aka yi ta. Hans Muth ya fara zana irinta wa R100RS a 1976, aka ɗaga ta aka faɗaɗa wa RT a 1978, don mutum ya wuni a hanya ruwa da iska ba su taɓa shi ba. A gosulon Legas tanda ce. Silo ya fara hawa da sauka, ƙamshin mai mai zafi ya taso, jar fitilar caji tana ta kyaftawa domin altanetar ba ta cika batir sai inji ya ɗaga murya. Ga faɗin silindu, ba zan kutsa inda 'yan acaɓa ke kutsawa ba. Ga nauyi fiye da kilo 230.

Na gangara gefe na kashe shi, na sayi ruwa na sha, na jira rabin awa. Wani yaro ya kawo shawarar a watsa wa injin ruwa. Na ce ko kusa.

Ba zan ƙara shiga gari da shi ba sai da asuba ko ranar Lahadi.

Lahadi, 2 ga Yuni

Ana sallame sallar asuba na fita. Ta Ojodu na bi na hau babban titin Ibadan a Berger, gari bai gama wayewa ba, an yi ruwa da dare, iska na da sanyi.

Ina hawa doguwar gada na sa giya ta biyar, sai na ji wani babur daban a ƙarƙashina. Duk ƙarar tafet da kakkarwar silo suka ɓace. Allura ta zauna wajen 4,000, gudu kilomita 100, injin yana wani gurnani mai taushi kamar ba ya komai. Madubi ya tsaya cak, ina ganin motar baya sarai. Garkuwar da ta gasa ni a Ogba yanzu ta raba iska biyu, ina zaune a miƙe kamar a kujerar zaure. Na miƙa hannu kusa da murfin bawul na ji iska tana kwashe zafin tana wucewa da shi. Wajen Mowe yayyafi ya sauko, gwiwata ko jiƙewa ba ta yi ba.

Akwai halinsa da sai an saba. In ka buɗe totur bayan babur ɗagawa yake yi, in ka saki ya zauna, aikin farfela ke nan, don haka ba a sakin totur a tsakiyar kwana. Giya kuma ba ta son gaggawa. Ka ɗan taɓa ta da ƙafa tukuna, ka ja kuloci, ta shiga da ƙara ɗaya mai nauyi. Ban ji kukan boris ba, ruwan nan bai yi ɓarnar da na ji tsoro ba.

Na tsaya a Ogere cikin manyan motoci na sha shayi wurin wani Bakatsine. Direbobi suka kewaye shi, kowa da tambayarsa, yawanci ina lagireto. Na duba ƙasan inji, ba ɗigo. Na ƙarasa Sabo a Ibadan, na gaisa da 'yan'uwa, na juyo kafin azahar. Tafiya da dawowa kilomita 270 da 'yan kai, mai lita 15.

Asabar, 8 ga Yuni

Na kai wa Kawu da sassafe, kafin hanya ta cika. Aka fito masa da kujera ƙofar shago. Na tayar, na bar shi a silo. Bai ce komai ba. Ya sa aka matso da kujerar, ya karkata kai wajen silindar dama, ya daɗe, sannan ya ce a zagaya da shi hagu. Idonsa ya kawo ruwa, ya sa bakin rawani ya goge.

Can ya ce, "Ɗana, kashe."

Na kashe.

"Dama tana magana, hagu ta yi shiru. Ba haka na san shi ba. Tafet ɗinsa biyu tare suke ƙas-ƙas kamar keken ɗinki. In ɗaya ta yi shiru, duba ta."

Na ce, "Kawu, wata biyu bai cika ba da na saita."

Ya ce, "Duba dai."

Na bar shi ya huce har bayan la'asar, na buɗe murfin a nan ƙofar shago. Dama tana nan a 0.20. Ta hayaƙi a hagu ta koma 0.12. Kilomita 500 kacal. Bawul ɗin nan da na juya a hannu a watan Fabrairu ne yake ci gaba da nutsewa. Matsala ce sananniya a ƙirar 1981 zuwa 1984: mazaunin bawul ɗin ba ya kwashe zafi yadda ya kamata, kuma fetur mai dalma da ke ɗan kare shi an daina sayar da shi. Kamfanin ya canza ƙarfen daga 1985. In gibin ya rufe gaba ɗaya bawul ba zai zauna ya huce ba, zai ƙone, ko kansa ya tsinke ya faɗa kan fistin. Gosulon Ogba ma bai taimaka ba.

Na yi niyyar kama hanyar Kano bayan babbar Sallah. Na faɗa wa Kawu an ɗaga. Ya ce, "Hanya ba ta gudu."

Asabar, 22 ga Yuni

Kan silinda biyu suna kan benci, na naɗe su da tsumma. Notin salansa sun kwance da hannu ɗaya wannan karon, saboda man da na shafa wa zaren. Baba mai bori ya duba, ya ce zai iya cire tsofaffin mazaunai ya dasa sababbi in na kawo masa na kirki, sai ya gasa kan a tanda kafin su shiga. Zan yi gefe biyu gaba ɗaya, da bawul na hayaƙi biyu da gayid ɗinsu.

Na tura wa yaron Jamus lambobin. Ya ce akwai mai zuwa a watan Agusta. Kafin nan zan buɗe cokulan gaba in canza musu mai, in duba boris ɗin wuya, in kuma nemo wanda zai ɗinke kujerar, domin ɓera ya ci gefenta na hagu. Na toshe bakin silindun da tsumma mai tsabta saboda damina, na mayar masa da buhun algararar Kawu.